An ba ni maganin zuciya kafin a gano ciwon, jikina ya mutu murus: in ajiye ko in ci gaba?

Direban_Jidda
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Yau kwana 12 ke nan da abokan ɗakina suka kwashe ni zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, da tsakar dare, zuciyata tana bugu kamar za ta fasa ƙirji, numfashi sama-sama. Aka manna mini wayoyi a ƙirji aka yi takhɗiɗ (gwajin bugun zuciya), aka ɗebi jini, aka auna hawan jini ya kai 165 bisa 100. Da asuba suka sallame ni da magani biyu, Concor 5 da Coversyl 5, kowanne ƙwaya ɗaya da safe. Likitan ya ce sai an yi eko, wato hoton zuciya, an kuma ɗaura mini wata na'ura ta kwana ɗaya, kafin ya ce ga abin da ke damuna. Mau'idin (ranar ganin likita) da na samu sai nan da kwana 16, don kamfanin tamin, wato inshorar lafiya, ya ja ƙafa wajen amincewa.

To bugun ya lafa, alhamdu lillahi. Amma tun da na fara shan maganin nan ba ni da kataɓus. Bene hawa biyu sai na tsaya na huta. In na ɗago daga sujada sai in ga duhu-duhu. Hannu da ƙafa sanyi ƙalau, a wannan zafin na Jidda! Ga wani busasshen tari da ya hana ni barci, ya hana 'yan ɗaki. Shekarata 46, motar kaya nake tuƙawa a kamfani. Tunda ba a ma san ciwon ba, ba gara in ajiye maganin har a yi ekon ba? Ya kuka gani?

Ɗan_Kurna
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya Yaya. Ni dai a ganina ka ajiye. Maganin da ya fi ciwon wahalarwa ina amfaninsa? Likitocin ɗawari sauri suke yi, su rubuta su kira na gaba.

Sista_Madina
A'a Ɗan_Kurna, don girman Allah kar ka ɗora shi a wannan hanyar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ga waɗanda suka yi haka suka dawo mana a kwance. Malam Direba, Concor ɗin nan birki ne aka taka wa zuciyarka. Kai ka fi ni sanin abin da zai faru in mutum yana gangaren dutsen Hada daga Ɗa'if ya ɗauke ƙafa daga birki gaba ɗaya. Zuciyar da ta saba da maganin, in aka yanke mata shi dare ɗaya, tana iya komawa gudu fiye da na farko, jini ya hau. In za a daina shi, likita ne yake rage shi kaɗan-kaɗan.

Kasalar da sanyin hannu sanannu ne a kan wannan magani, kuma wa mutane da yawa suna raguwa bayan 'yan makonni. Amma ina da tambaya: nawa ne bugun zuciyarka yanzu? Ka zauna minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na minti ɗaya cur.

Direban_Jidda
Sista na gode. Mu manyan motoci ba a barinmu mu bi Hada, ta hanyar Sailu muke zagayawa, amma na gane karatun. Na ƙirga yanzu, 56.

Sista_Madina
56 ga mai shan Concor ba abin tashin hankali ba ne shi kaɗai. Na lafiyayyen mutum a zaune yawanci 60 zuwa 100 ne, maganin kuma dama aikinsa ke nan ya sauke shi. In ya faɗo ƙasa da 50 kana kuma jin jiri, ka nemi likita a ranar. In ka suma, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara kana zaune, 997, lambar motar asibiti, za ka kira, kar ka ce za ka tuƙa kanka.

Baba_Jarwal
Ɗana, sannu. A Makka aka haife ni, kakanmu da ƙafa ya zo ta Sudan, kuma yau shekara tara ina haɗiyar waɗannan ƙwayoyin. Watan farko ni ma na ce kashe ni suke son yi. Daga gida zuwa masallacin unguwa sai na zauna a ƙofar baƙala (kantin unguwa) na huta, yara suna mini sannu. Yanzu ina ɗawafi da ƙafata. Abin da ya fi cin raina a lokacin ba kasalar ba ce, jiran nan ne. Mutum ya san yana da ciwo amma bai san sunansa ba, sai ka ga komai ka ji a jikinka ka ce shi ne. Ciki ya yi ƙugi, ka ce zuciya. Ka yi haƙuri, kwana 16 kamar gobe ne.

Mai_Saidaliyya
Bari in yi magana kan tarin, tunda ba wanda ya taɓo shi. Ba mura ba ce, kuma kar ka ɓata riyal ɗinka a kan maganin tari, ba zai ji ba. Coversyl yana cikin dangin magungunan da sunansu na asali yake ƙarewa da "pril": perindopril, lisinopril, ramipril. Suna sa wani sinadari da ake kira bradikinin ya taru a jiki, shi yake ƙaiƙayin maƙogwaro. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan su yana samun wannan tarin. Likita yakan canza shi da ɗan uwansa na dangin "sartan", irin su losartan ko valsartan, aiki kusan ɗaya amma da wuya su sa tari. Ba sai an jira eko ba kafin a yi wannan canjin.

Abu ɗaya da nake so kowa a nan ya riƙe: dangin "pril" suna iya kumbura leɓe ko harshe ko fuska. Ba ya yawan faruwa, amma ya fi samun mu baƙar fata. In ka ga haka ba zancen mau'idi, ɗawari kai tsaye, don yana iya toshe numfashi.

Ɗan_Kurna
To na janye maganata. Amma ku ba ni amsa: ta yaya likita zai ba da magani bai san ciwo ba? Wannan ai harbi a duhu ne.

Mai_Saidaliyya
Ba duhu ba ne gaba ɗaya. Ya ga jini 165 bisa 100 da idonsa, ya ga gudun zuciya a takardar takhɗiɗ. Waɗannan biyun yake kwantarwa. Abin da bai sani ba shi ne me ya haddasa su. Eko zai nuna masa girman zuciyar, da ƙofofinta, da ƙarfin matsawarta. Na'urar kwana ɗayan, holta, ita za ta kama bugun in ya rikice yana barci ko yana aiki, tunda takhɗiɗ na 'yan daƙiƙu ne kawai. Wani lokaci ma sai a ga laifin ba na zuciyar ba ne, ƙarancin jini ne ko maƙoƙo, shi ya sa ake ɗibar jini.

Hajiya_Misfala
Ni fa duk wannan turancin bai dame ni ba. Ƙanena ka samu karkade, wato zoɓo, mai kyau na Sudan, ka jiƙa ba sukari, ka sha safe da yamma. Ka haɗa da habbatus sauda da zuma da ruwan Zamzam. Sannan ka je a yi maka ƙaho. Maigidana da haka jininsa ya sauka.

Sista_Madina
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Zoɓo da gaske yana ɗan sauke jini, kuma matsalar ke nan a nan: mutumin da yake ganin duhu in ya tashi, ga magani biyu suna sauke masa jini, sai a ƙara masa na uku? Zamzam ya sha ya yi addu'a, wannan ba mai hana shi. Ƙaho kuma ya dakata tukuna. In holta ta nuna wani irin rikicewar bugu, ana iya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, mai shan wannan kuwa ba a tsaga masa fata haka kawai.

Hajiya_Misfala
Ku 'yan asibiti komai sai kun ce a'a. Ƙaho sunna ne fa.

Ɗalibin_Madina
Hajiya ba wanda ya ce ba sunna ba ne. Magani ne, magani kuwa yana da lokacinsa da wanda ya dace da shi. Jinkirta shi sati biyu ko uku ba saɓo ba ne.

Yaya Direba, kan maganar sujada: hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. In tashi daga sujada yana neman kayar da kai, ka ɗan zauna tukuna kafin ka miƙe, ko ka ƙarasa a zaune. Masallatan nan duk akwai kujeru a gefen sahu, ba na tsofaffi kaɗai ba ne.

Direban_Jidda
Wallahi kunyar kujerar nake ji Malam. Ranar Juma'a na hango ta, na ga wani dattijo ɗan Yaman ya nufo ta, sai na fasa.

Baba_Jarwal
Kunyar mara kunya asara ce, balle kunyar kujera. Ka faɗi a sahu ka fasa goshi, sannan za ka san kunya.

Uwar_Biyu
Sannu ɗan uwa. Ni labarina daban ne amma jiran iri ɗaya ne. Bayan haihuwata ta biyu a nan Jidda, sati biyar, ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta sai in ji kamar an danne ni da dutse, sai da filo uku nake barci. Surukata ta ce jego ne, ta ƙara mini kunun kanwa. Da aka kai ni asibiti aka ba ni Lasix da wasu, aka ce in jira eko. Lasix ɗin nan fitsari yake sawa ba kama hannun yaro. Ni kuma ban sani ba ina shan shi da dare, na yi kwana huɗu ina zarya tsakanin gado da banɗaki ga jaririya, sai da wata nas 'yar Filifin ta ce ai da safe ake sha. Ka gani, wani abin ba maganin ne mugu ba, ba a yi maka bayani ba ne.

Eko ya nuna zuciyar ta yi rauni, irin wanda yake samun mata bayan haihuwa. Likitar da jin ni Bahaushiya ce ta tambaye ni kanwa da wankan jego, na yi mamaki. Ashe tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan wannan ciwo a matanmu, suna danganta shi da kanwa da zafin jego. Ranar da aka faɗa mini sunan ciwon na yi kuka, amma a daren na yi barcin da na yi sati uku ban yi ba. Yanzu da sauƙi sosai, ina zuwa ana duba ni.

Hajiya_Misfala
Mu dai mun sha kanwa mun haifi takwas lafiya lau.

Uwar_Biyu
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Ni ban sha da daɗi ba.

Bakatsinen_Riyad
Kowa yana ta maganar ƙwaya da zoɓo, ba wanda ya tambayi abin da ya fi tsorata ni. Malam, kana tuƙin babbar mota a haka? Kana ganin duhu?

Direban_Jidda
Ina yi. Jirin sai in na tashi tsaye yake zuwa, a zaune ba na ji. Gaskiya tsoro nake kar mudir, wato manajanmu, ya ji an ce zuciya, in iƙama (takardar izinin zama) ta ƙare su ƙi sabuntawa. Yara biyar ne a Kano, babbar tana shirin aure bayan salla.

Bakatsinen_Riyad
Na fahimce ka, duk a kan wannan igiyar muke tafiya. Amma ka san dokar aiki ta ƙasar nan ta ba ma'aikacin kamfani hutun rashin lafiya: kwana 30 na farko da cikakken albashi, kwana 60 na gaba da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 ba albashi, duk a cikin shekara ɗaya. Sharaɗin dai takardar ta fito daga likita. Ka koma ka ce a rubuta maka ko na 'yan kwanaki ne har a daidaita maganin. Rai ɗaya ne, kuma ba kai kaɗai ne a kan titi ba.

Ɗan_Kurna
Doka daban, mudir daban. Mu da muke ciki mun sani. Abokina ya kai takarda, da kwantiragi ya ƙare aka ce ma'assalama.

Bakatsinen_Riyad
Hakan yana faruwa, ban musa ba. To in ya kifar da motar kamfani a kan hanyar Haramain fa, mudir ɗin zai sabunta masa?

Mai_Saidaliyya
Tunda an zo maganar tuƙi, na san halinku direbobi. Code Red, lemon ƙara kuzarin nan, nawa kake sha a rana? Shayi kofi nawa? Sigari fa?

Direban_Jidda
Sigari ban taɓa sha ba. Code Red kuwa kafin abin ya faru biyu, in tafiyar Yanbu ce uku. Na daina tun ranar. Shayi dai ina nan da shi, sai goro in an kawo daga gida.

Mai_Saidaliyya
To ka faɗa wa likitan zuciyar wannan, kar ka ɓoye, goro ma ka ambata don shi ma yana da sinadarin kafeyin mai sa zuciya gudu. Ga wasu abubuwan da za ka kiyaye kafin ranar. In baya ya yi ciwo kar ka sayi Voltaren ko Brufen, suna ɗaga jini, kuma haɗuwarsu da Coversyl tana wahalar da ƙoda. Panadol fari ya isa. Maganin mura mai buɗe hanci shi ma yana sa zuciya gudu, ka nuna wa mai saidaliyya (kantin magani) magungunanka kafin ya ba ka komai. Akwai kuma wani gishiri da ake sayarwa wai na masu hawan jini, fotasiyam ne a ciki, Coversyl kuma dama yana tara fotasiyam a jiki, kar ka saya. Kana da ciwon suga ko asma? Don Concor yana iya ɓoye alamar saukar suga, yana kuma iya tayar wa mai asma.

Direban_Jidda
Ba ni da ko ɗaya, alhamdu lillahi.

Sista_Madina
Ƙarin abu ɗaya: ruwa. Kana dakon kaya a rana, gumi yana zuba, jini yana ƙara sauka, jiri ya ƙaru. Mun ga abin da zafi ya yi a hajjin 2024, sama da mutum 1,300 suka rasu. Sai dai in likita ya ƙayyade maka ruwa, ka riƙa sha. In za ka tashi daga kwance ka zauna bakin gado tukuna ka ƙirga ashirin.

Kuma ka samu ɗan littafi. Kullum safe da dare ka rubuta jini, bugu, da abin da ka ji da lokacin da ka ji shi. Likitan zuciya minti goma zai ba ka, in ka shiga hannu rabbana duk abin da ka shirya faɗa zai gudu. Sau biyu a rana ya isa fa, ba kowane rabin awa ba.

Direban_Jidda
Sista kamar kina ɗakinmu. Na sayi na'urar awo, jiya sai da na auna sau 14. Duk lokacin da na auna sai in ga ya ƙaru, sai in sake. Da dare kuma in shiga intanet in rubuta alamomin, babu wanda bai ce mini mutuwa ba.

Baba_Jarwal
Ka ba ɗan ɗakinku na'urar ya kulle a akwati, ya riƙa fito maka da ita bayan asuba da bayan isha. Ni matata ce ta yi mini haka. Shin ka gaya wa iyalinka?

Direban_Jidda
Ban faɗa ba Baba. Me zan ce mata? Ina da ciwo amma ban san sunansa ba? Hankalinta zai tashi a banza, ga hidimar biki.

Uwar_Biyu
Ka faɗa mata. Wallahi ta riga ta ji a muryarka, tana can tana saƙa abin da ya fi wannan muni. Wataƙila ma tana zaton aure ka ƙara.

Bakatsinen_Riyad
Ni kuma na ce ya bari sai sakamako ya fito. Labarin ciwo in ya isa gida ƙaruwa yake yi a hanya. Kafin la'asar za a ce yana kwance rai a hannun Allah, 'yan uwa su fara kira suna kuka.

Hajiya_Misfala
Nan kam ina bayan Uwar_Biyu. Addu'ar mace ga mijinta ba wasa ba ce, kar ka hana kanka.

Ɗan_Kurna
Wata tambaya don Allah, ba don ni ba, don wani abokina. An ce irin wannan maganin yana rage wa namiji ƙarfi. Gaskiya ne?

Mai_Saidaliyya
Ka gaya wa "abokin" naka yana faruwa ga wasu, ba kowa ba, kuma hawan jinin kansa da fargaba suna yin haka. Ya gaya wa likita, akwai canji. Kar ya je ya sayi zumar ƙarin ƙarfi ta bayan fage, an sha kama irinta da maganin bature a ciki, kuma in ya haɗu da ƙwayar ƙirji ta ƙarƙashin harshe jini yana iya faɗuwa warwas.

Direban_Jidda
Jama'a ga yadda ake ciki. Bayan magariba na kira 937, layin ma'aikatar lafiya, kamar yadda wani ya turo mini ta gefe, na samu likita, ya ce kar in taɓa Concor, in koma asibitin a duba maganar tarin da jirin. Yau da safe na je da littafina. Likitan ya auna ni a kwance, ya sake aunawa a tsaye, ya ga jinin yana sauka. Ya cire Coversyl ya sa losartan, ya mayar da Concor 2.5, ya rubuta mini hutun kwana biyar. Ya ce tarin zai iya ɗaukar sati ɗaya zuwa huɗu kafin ya tafi, 'yan ɗaki su ƙara haƙuri. Mau'idin eko bai matsa ba, saura kwana 14. Mudir ya karɓi takardar bai ce komai ba, shirun nasa ne ma yake damuna. Maganar gida har yanzu ina juya ta.

Sista_Madina
Madalla. Ka ci gaba da rubutun, don yanzu da aka rage Concor bugun yana iya ɗan dawowa, likitan zai so ya sani. Kuma za su nemi gwajin ƙoda da fotasiyam bayan sati ɗaya ko biyu saboda sabon maganin, in sun manta ka tuna musu.

Ɗalibin_Madina
Allah ya sa kaffara ne. Kujerar fa?

Direban_Jidda
Na zauna a kanta da isha. Dattijon ɗan Yaman ne ma ya jawo mini ɗaya kusa da tasa.

Baba_Jarwal
Abin da ba su gaya maka ba, ranar da za a ɗaura maka holta ka yi wankanka tun daga gida, don awa 24 ba ruwa a ƙirji, alwala kawai. In kana da gashin ƙirji kuma ka aske da kanka. Ni ban sani ba, wani yaro ɗan Misira ne ya yi mini da busasshiyar reza.

Ɗan_Kurna
Awa 24 ba wanka a Jidda? To 'yan ɗakin nan sun ga ta kansu, daga tari sai wannan.